Rikici da aure: abin da masana suka lissafa, da abin da muka gani a Jos

Zulai 'Yar Rikkos:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Taimako nake nema, amma ba na kuɗi ba, kada Ɗan Dilimi ya kashe data ya gudu. Aikin kammala digirina na biyu nake yi a fannin tattalin arziki, kuma abin da na ɗauka shi ne yadda rikici ke taɓa aure: shekarun da ake aurar da yarinya, wa take aura, me ake kashewa, kuma in an shiga gida wa ke da ta cewa. Na karanta na Faransa, na Ruwanda, na Tajikistan, na Nefal, har na Borno. Jiya da dare sai kunya ta kama ni. Ina ta haddar garuruwan mutane, alhali ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, da rikicin Jos ya ɓarke, ina goye a bayan Ummata take gudu da ni. Tambayata: a unguwarku, bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, an riƙa aurar da 'yan mata da wuri ne, ko jinkirtawa aka yi?

Yaya Garba, shugaban zaure:
Wa alaikumus salam. A tattauna. Amma sharaɗi ɗaya: ba na son jin wane ne ya fara, wane ne ya rama. A zauren nan babu ɓangaren da bai binne nasa ba. Wanda ya kauce hanya zan fitar da shi, ko da yayana ne.

Baba Mai Taya:
'Yata, me ya haɗa tattalin arziki da aure? Ni na ɗauka ku farashin dala da na mai kuke lissafi. Aure nufin Allah ne. Matar mutum kabarinsa.

Zulai 'Yar Rikkos:
Haka ne Baba, amma kabarin ma sai an sayi likkafani. Abin da suke dubawa ke nan. Ga misali. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta rasa maza kusan miliyan 1.4, akasarinsu matasa. Wasu masana uku, Abramitzky da Delavande da Vasconcelos, suka bi takardun ɗaurin aure na kafin yaƙin da na bayansa. Suka ga a yankunan da aka fi kashe maza, mazan da suka dawo da rai sun riƙa auren matan da suka fi su asali da wadata. Wanda a da ba zai isa ƙofar gidan ba, bayan yaƙi shi ake yi wa shimfiɗa. Haihuwa ba aure ma ta ƙaru a wuraren.

Ɗan Dilimi:
To ni me na yi wa duniya? An yi rikici sau nawa a garin nan, har yau ba 'yar Alhajin da ta ce in turo.

Hajiya Ladi mai kayan ɗaki:
Kai da ko katifar kirki ba ka da ita. Yi mana shiru a yi magana.

Zulai 'Yar Rikkos:
Na Ruwanda ya fi tsaya mini a rai. Bayan kisan kiyashin 1994, inda aka hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, wata masaniya mai suna Giulia La Mattina ta kwatanta matan da suka yi aure kafin kisan da waɗanda suka yi bayansa. A inda kisan ya fi muni, waɗanda suka yi aure daga baya sun fi shan duka a hannun miji, kuma maganarsu ta fi rashin nauyi a kan kuɗin gida. Ɗaya daga dalilan da ta kawo shi ne maza sun yi ƙaranci, sai namiji ya san in wannan ta tafi ga wata nan.

Maman Hanifa:
Zulai, wannan baiwar Allah ba sai ta je Ruwanda ba, da ta zo ɗakina na ba ta labari.

Baban su Hanifa ya fita da safiyar Juma'a, 28 ga Nuwamban 2008, washegarin zaɓen ƙananan hukumomi. Ya ce zai duba shago ya dawo, shayinsa ma bai shanye ba, ya ɗora faranti a kan kofin. Sai ranar Lahadi na iya zubar da shayin nan. Ya bar ni da yara uku, ƙaramin yana nono.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ban cika sati da fita ba aka fara sallama. Wallahi wasu daga cikinsu, da ina budurwa ko gaisuwarsu Babanmu ba zai amsa da kyau ba. Ɗaya ya ce yana so, amma in kai yaran wajen dangin ubansu. Dangin uban da su ma gidansu ya ƙone, suna rakuɓe a ajin makaranta. Ɗaya kuma sai da ya fara tambayar ko marigayi ya bar fili.

Na daure shekara biyu ina suyar awara a ƙofar gida, da mudu biyu na waken suya na fara. Surutu ya ishe ni, wai mace ba miji tana zaune a bakin titi, sai na yi auren. Wata tara na yi. Ba duka ne ya fitar da ni ba, ko da yake an taɓa. Magana ce ɗaya, kullum muka saɓa sai ya ce: taimakonki na yi, zawarawa sun cika gari. Ranar da ya faɗa a gaban Hanifa na ɗaure kayana.

Yanzu mudu goma sha biyu nake jiƙawa. Hanifa tana koyon aikin jinya.

Anti Rifkatu:
Maman Hanifa, sannu. Allah ya ji ƙan maigida. Irin wannan magana ta "taimakonki na yi", ƙanwar mijina ma ta sha ta bayan 2010. Bakin maza ɗaya ne, ko coci ko masallaci.

Malam Sani Gangare:
Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. Amma a yi mana adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na san waɗanda suka auri matan 'yan'uwansu da yara huɗu, biyar, suka riƙe har suka aurar.

Maman Hanifa:
Akwai su Malam, Allah ya saka musu. Ni dai ban dace ba.

Zulai 'Yar Rikkos:
Maman Hanifa na gode, ban san abin da zan ce ba. Bari in koma kan shekarun aure, don a nan ne binciken ya rabu biyu. A Tajikistan, lokacin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1992, Olga Shemyakina ta ga 'yan matan yankunan da yaƙi ya fi shafa sun jinkirta aure. A Nefal kuwa, Christine Valente ta ga inda 'yan tawaye suka fi sace mutane, auren wuri ya ƙaru. Sai kuma wani babban bincike na 2020, na Corno da Hildebrandt da Voena. Shi ba a kan yaƙi ba ne, a kan fari ne. Sun ce shekarar da aka yi fari, yiwuwar aurar da yarinya kafin ta kai 18 na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, amma a Indiya raguwa take da kashi 4. Dalilinsu: a Indiya iyayen mace ke biya, in babu sai su jinkirta. A Afirka iyayen mace ke karɓa, in yunwa ta zo sai su aurar su samu abin sa wa a baka.

Hajiya Ladi mai kayan ɗaki:
Tsaya nan. Iyayen mace ke karɓa? A wace Afirkar?

Shekarata talatin da ɗoriya ina sayar da kayan ɗaki. Zo ki zauna a shagona wuni ɗaya ki ga wanda ke kuka. Uban amarya ne da uwarta. Gado da katifa, kujeru, labule, kafet, tukwane, kuloli, firiji in da hali. A gama wannan a shiga gara: buhun shinkafa, jarkar mai, taliya, ga alkaki da nakiya da dubulan. Uwa tun yarinya na firamare take zubin adashe tana tara kwanuka a ƙarƙashin gado. Sadakin kuma ba na uba ba ne. Lefe ita za ta ɗaura. Kuɗin gaisuwa a raba wa dangi, kowa ya sami abin goro. Uban da ya aurar da 'ya a garin nan, in bai ci bashi ba to ya sayar da wani abu.

Da kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, ni kaina ban fita da ko cokali ba. A layinmu kaɗai na san bukukuwan da aka ɗaga, wasu shekara guda, wasu biyu, wasu har aka fasa. Ba wanda ya ce bari in aurar da 'yata in farfaɗo da jari. Da me zai yi mata jere?

Malam Sani Gangare:
Hajiya ta riga ni. A shari'a sadaki haƙƙin mace ne, uba ba ya cin ko sisi sai da yardarta. Mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari. Lefe da gara da sauran tarkace mu muka ɗora wa kanmu. In waɗannan masana sun zuba mu a kwando ɗaya da inda uba ke karɓar shanu ya kora garkensa, to tun daga tushe lissafin ya karkace.

Anti Rifkatu:
Malam, a wajenmu kuwa iyaye ne ke karɓa, da kuɗi da awaki da abin da dangi suka rubuta a takarda. To kun ga a cikin Jos ɗin nan kaɗai lissafi biyu ne, tsakaninmu kuma bai fi kuɗin keke ɗaya ba.

Amma ni ba wannan ne ya dame ni ba. Zulai, akwai auren da ba za ki same shi a takardar kowa ba, wanda ba a yi ba. Gwaggona ta auri Musulmi tun ana zaman lafiya, suna Nasarawa Gwom. Da Sallah mu je mu ci nama, da Kirsimeti 'ya'yanta su zo su ci shinkafa. A zamaninsu ba abin kallo ba ne. Bayan 2001 sai ya zama ba unguwar da za ta ɗauke su su biyu. In sun zauna a nan ita ce a tsorace, in sun koma can shi ne. Suka ƙarasa a Mararaba ta jihar Nasarawa, bakin Abuja, a can ya rasu. Yau yarinya ta kawo saurayi daga ɗaya ɓangaren, kafin a tambayi halinsa za a tambaya: a ina za ku zauna?

Zulai 'Yar Rikkos:
Hajiya, Malam, kun ba ni babi guda. Don gaskiya yawancin irin wannan bincike suna ɗaukar rabe-raben ƙabilu ne daga wani tsohon kundi na masana al'adu, inda ake sa wa kowace ƙabila alama ɗaya: masu biya ko masu karɓa. Kayan ɗaki ba su da gurbi a ciki. Anti Rifkatu, naki kuma ban ma san yadda zan auna shi ba.

Sadiq na Abuja:
Ƙanwata, bari in sa baki, don na yi aikin tattara bayanai gida-gida kafin in koma ofis. Ki san irin ƙwaryar da za ki yi awo da ita.

Yawancin binciken da ake yi a kan Najeriya abu biyu ake haɗawa. Na farko binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, an yi a 2003, 2008, 2013, 2018. Na 2018 ne ya nuna kashi 43 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. Na biyu rumbun ACLED, mai tattara rahoton inda aka yi tashin hankali da ranar da aka yi. Sai a ɗora taswira kan taswira, a ga matan da ke kusa da rikici da na nesa. Da haka wasu masu bincike na Bankin Duniya suka kwatanta 2008 da 2013, suka ga a yankunan da Boko Haram ta addaba, cin zarafin mata a gidan aure da takura musu ya fi na sauran wurare.

Ga inda gizo ke saƙar. Don a ɓoye sirrin waɗanda aka tambaya, da gangan ake gusar da wurin a taswira, har kilomita 2 a birni, har 5 a ƙauye. A wani gari wannan ba komai ba ne. A Jos fa? Ki gusar da gida kilomita 2 daga Unguwar Rogo ko Gangare ki gaya mini unguwar da ya faɗa. Kin canza masa addini, kin canza masa al'adar aure, kin canza masa abin da ya gani a 2008.

Na biyu, ana samun mace ne a inda take yau, ba inda rikici ya same ta ba. Gwaggon Anti Rifkatu a lissafi 'yar jihar Nasarawa ce da ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Na uku, tambayar duka. Ƙa'ida ita ce mace ɗaya ake tambaya a gida, kuma sai an keɓe. Abokiyar aikina ta taɓa shiga wani gida, maigidan ya ce ba komai, ku yi aikinku, ya jawo tabarma ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin yana jan carbi. Tsallake shafin ta yi. Gidan da aka fi buƙatar amsar, shi ne ba a samu ba.

Ɗan Dilimi:
Yaya Sadiq, a taimaka a gusar da ni kilomita 2 in faɗa Rayfield, unguwar masu hali.

Amma da gaske, tunda an zo maganar gida. Ku kuna ta lefe, ni lefe bai hana ni aure ba, akwati uku ko a hankali na tara. Ɗaki ne. Kowa ya tattaro ya dawo unguwannin da yake jin in ya kwanta zai tashi: Rikkos, Unguwar Rogo, Gangare, Ali Kazaure. Unguwa ba ta ƙara faɗi ba, mutane sun ninka. Ciki da falo ya zama gwal, kuma shekara biyu ake so a dunƙule. Akwai ɗaki mai sauƙi a wasu wurare, amma wace uwa za ta bari a kai mata 'ya can? Shekarata 33. Yarinyar da na nema shekara huɗu, wani mai mata biyu ya ɗauke ta bara, don shi yana da gidan kansa.

Zulai 'Yar Rikkos:
Yaya Ɗan Dilimi, ka taɓo wani binciken da nake jin tsoron kawowa. Jonah Rexer, 2022, a kan Boko Haram. Ya ce a ƙauyukan da ake yawan auren mace fiye da ɗaya, in masu hali suka kwashe 'yan mata, samari marasa hali suka rasa, hare-hare da sace mata na ƙaruwa. Kafin shi, Valerie Hudson da Hilary Matfess sun rubuta a 2017 cewa ƙungiyar ta riƙa jan samari da yi musu aure.

Malam Sani Gangare:
Na san za a zo nan. Kullum a ƙarshe sai an ɗora wa abin da Allah ya halatta. Kakanninmu sun yi mata huɗu ba su ɗauki makami ba. Kuma ga shi ku da kanku kun ce zawarawa sun yi yawa. In ba a ƙara aure ba wa zai aure su?

Maman Hanifa:
Malam, Allah ya gafarta, masu ƙarin nan zawarawa suke ɗauka? Tambayi Ɗan Dilimi shekarun wadda aka ƙwace masa.

Ɗan Dilimi:
22.

Malam Sani Gangare:
To wannan kuma son zuciya ne, ba shari'a ba. Ni na fi ganin hanyar da Kano ta bi, auren zawarawa da Hisba ta fara a 2012, ga na 2023 da aka ɗaura wa mutum 1,800 da matansu, gwamnati ta ɗauki sadaki da kayan ɗaki.

Hajiya Ladi mai kayan ɗaki:
Kun ji ko? Gwamnati ma da ta tashi taimako, gado da katifa ta saya. Ta san inda ƙaya take.

Sadiq na Abuja:
A yi hattara dai, Rexer ƙauyukan da Boko Haram ta shafa ya duba. Na Jos wani abu ne daban, siyasar ƙaramar hukuma ce da maganar ɗan ƙasa da baƙo, tun da aka ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991. Kada a ɗauko maganin ciwon kai a shafa a ƙafa.

Yaya Garba, shugaban zaure:
Sadiq, ka tsaya daidai nan. Ka san sharaɗi.

Baba Mai Taya:
Tun ɗazu ina karantawa, jikana ke taya ni rubutu. Na ce aure nufin Allah ne, ban janye ba. Amma akwai abin da zan faɗa.

'Yata ta uku tana aji huɗu na sakandare a Janairun 2010. Kanta na ja, malamanta har shago suke zuwa su ce kada in cire ta. Makarantar tana ɗaya ɓangaren, sai ta tsallaka. Ranar da abin ya tashi Lahadi ce, tana gida, Allah ya rufa asiri. Amma na kwana ina cewa da Litinin ce fa? Da aka sassauta dokar hana fita aka koma makaranta, kullum in ta fita ba na iya cinikin kirki sai na ga ta dawo. Ko taya ta fashe a titi sai gabana ya faɗi, ni da nake sayar da taya.

Kafin azumin shekarar na aurar da ita ga ɗan ƙanwata a Bauci. Shekararta 16. Ban karɓi komai ba, tayoyi arba'in na karyar na yi mata kayan ɗaki. Yayarta kuwa, wadda ta riga ta gama makaranta, sai da ta ƙara shekara uku a gida, don bayan wancan bikin ba abin da ya rage a shago.

To 'yata Zulai, a gidana kaɗai, rikici ɗaya ya sa an yi wa ɗaya da wuri, ya sa ɗaya ta jira. A wane layi za ki rubuta ni?

Zulai 'Yar Rikkos:
Baba, in na haɗa su biyun na raba, lissafi zai ce ba abin da ya faru a gidanka. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Zan iya kwashe shekara ina aiki in fito da sifili, in rubuta cewa rikicin Jos bai taɓa shekarun aure ba. Ina ganin sai na koma wajen malamina mu sake zama. Dole in raba wadda tsoro ya aurar da wadda rashi ya zaunar, kuma wannan ba ya cikin bayanan Yaya Sadiq. Sai na shiga gidaje da ƙafata.

Sadiq na Abuja:
Zai ce miki gida talatin ba hujja ba ce. Ki shirya amsa. Kuma ki tambayi inda mace take zaune a shekarar rikicin, ba inda take yau ba.

Anti Rifkatu:
In za ki zo Tudun Wada ki kira ni in tare ki a bakin titi mu shiga tare. Matan zumunta na cocinmu suna haɗuwa ranar Laraba, za su yi magana in ni na kawo ki.

Maman Hanifa:
Ni ki zo da hantsi kafin in ɗora kasko. Amma kada ki zo mini da takardar nan mai e ko a'a. Kuma ba na son suna.

Ɗan Dilimi:
Ni a sa sunana da lambata, ko Allah zai sa wata ta gani.

Baba Mai Taya:
Zan sa yaron nan ya tura miki lambar ta Baucin ta gefe. 'Ya'yanta biyar yanzu, mijin yana riƙe ta da mutunci. Ki tambaye ta da kanki yadda ta ji a lokacin. Ni ban taɓa tambayarta ba.